Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin asibitoci: a hannun wa kuke barin katin yaro?

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku da majinyatan da ke kwance a hannunku. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na kwashe shekaru masu yawa a sashen yara, na yi aikin safe na yi na dare, har ƙafafuna suka haddace kowane lungu na ɗakin. Kun sha jin kukanmu a kan gado da magani da ƙarancin hannu, yau ba shi na kawo ba. Maganar kati na kawo, wato fayil ɗin da ake buɗe wa yaro ranar da aka fara kawo shi, da tambayar wa ya cancanci ya karanta abin da muka rubuta a ciki idan muna zargin a gida aka ji masa ciwon.

Bari in fara da laifina, don kada a ce na zo ɗora wa wasu ne kawai.

Wani dare aka kawo mana yarinya, ba za ta wuce shekara tara ba, da ƙuna a ƙafafu biyu. Mutumin da ya kawo ta, wanda take hannunsa, ya ce ruwan zafi ne ya kife mata. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san ruwan da ya kife fallatsa yake yi, ya bar ɗigo nan da can, ya bi jiki ya gangara, bakin ƙunar ba ya daidaita. Tata kuwa ta tsaya cak a saman idon sawu, ƙafa biyu daidai wa daida, kamar an sa mata safa. Ƙafar da aka tsoma aka danne ce ke yin haka. Matashin likitan da ke kan aiki ya gani, ya dube ni na dube shi, ya rubuta zarginsa a kati.

Can wajen ƙarfe biyu ina canza mata bandeji, ta kama hannun rigata ta ce, ƙasa-ƙasa, “Anti, in na faɗa miki wani abu, ba za ki faɗa wa kowa ba?” Na ce ba zan faɗa ba. Ta faɗa. Na je na sanar da likita, don ba abin da zan iya haɗiyewa ba ne, shi kuma ya ƙara a kati kalma da kalma. Gari ya waye muka miƙa aiki muka tafi. Da hantsi aka buƙaci a kai katin ɗakin magani, babu ɗan aike, sai aka miƙa wa mutumin nan. Ya karanta a hanya. Kafin azahar ya sa hannu a takardar fita ba da yardar likita ba, ya ɗauke ta. Ba a kira kowa ba, domin a duk sashen babu wanda ya san wa ake kira. Ban sake ganinta ba.

Na daɗe ina juya wannan dare a raina. Kuskurena shi ne alƙawarin da na ɗauka alhali ba ni da ikon cika shi. Na asibitin ya fi girma: sirrin yarinyar ya isa kunnen mutum ɗaya tak da bai kamata ya ji ba, bai kuma isa ga ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda za su iya tsare ta ba. Mun bai wa kura ajiyar nama, da hannunmu, da hatiminmu a kai.

Idan aka zauna taro, ana yawan gabatar da wajabcin kai rahoto da riƙe sirrin majinyaci kamar kishiyoyi biyu da dole a saki ɗaya. Ni ban ga haka a ɗakin yara ba. Abin da na gani shi ne ma'aikaci ya fake da “sirrin majinyaci” idan aka ce ya kira hukumar kare yara, amma shi ɗin ne zai miƙa fayil ga duk wanda ya ce shi ne uba, ko ya ba da labarin a ɗakin shan shayi. Sirrin da muke riƙewa na yaron ne, don amfaninsa aka ce a riƙe. Ranar da riƙewar ta koma kāre wanda ke cutar da shi, to ta tashi daga amana ta koma haɗin baki.

Likitanci ya daɗe yana kau da kai daga wannan magana kafin ya yarda ya dube ta. A 1946 wani likitan hoton ƙashi a Amurka, John Caffey, ya ba da bayanin jarirai shida da aka samu da taruwar jini a cikin kai tare da karaya a dogayen ƙasusuwa, ba tare da wani labarin haɗari da zai bayyana su ba. Sai a 1962 Henry Kempe, likitan yara a Denver, da abokan aikinsa suka fito fili suka rubuta cewa iyaye da mariƙa ne ke yi wa irin waɗannan yara dukan. Daga 1963 zuwa 1967 jihohin Amurka suka bi layi suna kafa dokar da ta wajabta wa likita kai rahoto, a 1974 kuma dokar tarayya ta biyo baya. Abu biyu a tsarin waɗannan dokoki nake so ku isar wa ma'aikatanku. Ba a ce sai likita ya tabbatar ba, zargi mai dalili ya isa, bincike aikin wasu ne. Wanda kuma ya kai rahoto da zuciya ɗaya, doka na ba shi kariya ko da daga baya an gano ba haka ba ne. Yawancin shirun da na gani a aiki daga rashin sanin wannan ya samo asali: nas tana ganin sai ta zama ɗan sanda da alƙali kafin ta buɗe baki, ga tsoron kada a maka ta a kotu.

Sai dai rahoto shi kaɗai bai taɓa ceton kowa ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 19, ta jero matakai ne: ganowa, kai rahoto, miƙawa ga masu alhaki, bincike, magani, da bibiya. Mu a asibiti mukan tsaya a na biyu mu karkaɗe hannu. Ku tuna Victoria Climbié, 'yar ƙasar Kwaddebuwa mai shekara takwas, da ta rasu a Landan a watan Fabrairu na 2000 a hannun gwaggon mahaifinta da saurayin matar. A watan Yuli na 1999 sau biyu ana kwantar da ita a asibitoci biyu daban-daban. A na farko babbar likita ta ce tabon jikinta ƙazuwa ce, aka sallame ta washegari. A na biyu ta zo da ƙunar ruwan zafi a kai da fuska, ta yi kusan mako biyu a kwance, ma'aikatan jinya suna ganin yadda take tsorata idan matar ta shigo. Duka biyun an sanar da jami'an walwalar jama'a da 'yan sanda. Duka biyun an mai da ita gida. Likitan da ya binciki gawarta ya ƙirga raunuka 128. Kwamitin Lord Laming da ya binciki yadda abin ya faru, a rahotonsa na 2003, ya ba da shawarwari 108, kuma waɗanda suka shafi asibiti ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: a rubuta duk abin da aka gani, a yi magana da yaron shi kansa, kada a sallami yaron da ake da damuwa a kansa sai da izinin babban likita da tsarin yadda za a bi sawunsa. Wannan a ƙasar da ke da kuɗi da ma'aikata ke nan. Takardun sun tafi, amma kowa ya ɗauka wani ne ke riƙe da igiyar.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A bisa al'ada da doka, uba ko uwa ko mariƙi shi ne wakilin yaro a asibiti: shi ke sa hannu, shi ake yi wa bayani, shi ke da damar neman fayil. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014, alal misali, a sashe na 26, ta ce bayanin majinyaci sirri ne, sannan ta lissafa inda za a iya fitar da shi, ciki har da idan uba ko mariƙin ƙaramin yaro ya nema. A yara ɗari, wannan daidai ne ga mafi yawansu, kuma ba na so a karanta wasiƙar nan a ɗauka ina zargin iyaye. Galibin waɗanda na gani a bakin gado sun fi mu son yaran nesa ba kusa ba, su ne ke kwana a zaune. Amma masu cin zarafin yara galibi ba baƙi ba ne, mutanen da yaro ya sani ne, ya kuma amince da su. Wani lokaci wanda ke tsaye a bakin taga yana neman fayil shi ne wanda aka rubuta sunansa a ciki.

Amurkawa sun hango wannan. Ƙa'idojin sirrin majinyata da aka fitar a ƙarƙashin dokarsu ta HIPAA ta 1996 sun halatta wa asibiti ya ba hukumar da ta dace bayanin yaro idan ana zargin cin zarafi, ba sai da izinin iyaye ba. Sun kuma ba likita damar ƙin ɗaukar uba ko mariƙi a matsayin wakilin yaron idan yana da dalilin ganin cewa shi ke cutar da shi, ko ba shi bayanin zai jefa yaron cikin haɗari. Ƙofa ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe, kuma kowa ya san wacce ce wacce. Ko inda dokar ƙasa ba ta fayyace haka ba, babu abin da ya hana ku zama da lauyoyinku ku tsara ƙa'idar cikin gida: bayanin da ya shafi zargin cin zarafi a ajiye shi daban da katin da ke yawo tsakanin ɗakin gwaji da ɗakin magani, kada kuma a fitar da fayil ɗin da aka yi wa alama sai babban likita ya gani.

Kada ku ce kwamfuta za ta magance muku wannan. Ta kan ƙara rura shi ne. Tun watan Afrilu na 2021 ƙa'idojin Amurka suka tilasta wa asibitoci ba majinyaci damar ganin bayanan likitansa ta intanet ba tare da jinkiri ba, iyaye kuma su ne ke riƙe da mabuɗin shiga na 'ya'yansu. Abin da yarinya ta raɗa wa likita da safe na iya bayyana a wayar gida kafin su koma, in ba a toshe wannan shafin da gangan ba. Takardar kuɗin asibiti da saƙon tunatarwa na waya ma suna tona asiri ba da niyya ba. Duk asibitin da ke shirin komawa kan na'ura, ya tambayi mai sayar masa da manhajar tun kafin a sa hannu: za a iya ɓoye rubutu ɗaya daga idon mariƙi? Ana iya ganin wa ya buɗe fayil, da yaushe?

Tambaya ta biyun ta kawo ni kan namu halin. Zancen gaskiya, yawancin sirrin da ke fita daga asibiti ba ta taga yake fita ba, ta bakinmu yake fita. An kawo yarinyar da aka yi wa fyaɗe, kafin a gama duba ta masu shara sun sani, masu gadi sun sani, masu jinyar gadon kusa sun baza kunne. Ɗalibai goma sun kewaye gado ana ba da tarihinta da ƙarfi. Wani ya ɗauki hoton raunin da wayarsa ya tura zauren WhatsApp na abokan aiki da sunan neman shawara, daga nan kuma Allah kaɗai ya san inda ya nufa. Magana zarar bunu ce. Ciwon zai warke, amma sunan da aka laƙaba mata zai bi ta makaranta, ya bi ta har girma. Iyaye da yawa da ke ɓoye irin wannan abu ba son mai laifin suke yi ba, bakinmu suke tsoro. In kuna so a riƙa kawo yara da wuri, sai an ga kun hukunta ma'aikacin da ya buɗe fayil ɗin da ba ruwansa da shi, ko da babba ne.

Da wuri ɗin nan kuwa ba salon magana ba ne. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shi cikin awa 72. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa cikin kwana biyar. Duk abin da ya sa iyali suka yi kwana huɗu suna shawara a gida, ya cinye wa yarinya dama ta farko, ta biyun ma ta kusa kuɓucewa. Don haka magani ke gaba, rahoto ya biyo baya, kuma kada a taɓa cewa sai an kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa yaro.

Matasa masu shekara sha huɗu zuwa sha bakwai su ne suka fi ba ni wahala, kuma ba zan yi kamar ina da amsar da ta gamsar da ni ba. A 1985 kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci, a shari'ar da Victoria Gillick ta shigar, ta yanke cewa wanda bai kai sha shida ba na iya amincewa da magani da kansa idan yana da hankalin fahimtar abin da ake nufi. Indiya kuwa, da dokarta ta 2012, ta wajabta wa kowa har da likita ya sanar da 'yan sanda duk wata mu'amalar jima'i da ta shafi wanda bai kai sha takwas ba, wanda ya yi shiru yana iya shan ɗaurin wata shida. Niyyar mai kyau ce, amma likitoci a can sun yi ta kukan cewa 'yan mata masu ciki na gudun asibiti suna faɗawa hannun likitocin bogi. A 2022 Kotun Ƙolin ƙasar ta sassauta, ta ce idan yarinya ta zo neman a raba ta da ciki bisa doka, likita na iya kai rahoton ba tare da bayyana sunanta ba idan ita da mariƙinta sun nemi haka. Darasin da na ɗauka shi ne doka mai kaifi ba ta da amfani ga yarinyar da tsoro ya hana ta shigowa. Shi ya sa jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2017 kan kula da yaran da aka yi lalata da su ta nemi a sanar da yaro iyakar sirrin tun kafin ya fara magana.

Da na san wannan a wancan dare, ga abin da zan ce mata: “Abin da kika faɗa mini ba zan yaɗa shi ba. Amma in na ji wani na cutar da ke, dole in nemi waɗanda aikinsu shi ne su kāre ki, kuma ba zan yi ba sai na faɗa miki tukuna.” Wataƙila ta yi shiru. Wataƙila ta faɗa bayan kwana biyu. Ko yaya ne, da ba ta fita daga hannunmu da sanin cewa mai farin kaya ma ƙarya take yi ba. Ku sa a koya wa kowane sabon ma'aikaci wannan jimla kamar yadda ake koya masa wanke hannu. Ku kuma mai da shi ƙa'ida cewa kowane yaro mai wayo ana ganinsa shi kaɗai na 'yan mintoci, kowa da kowa, don kada fitar da mariƙi waje ta zama tuhuma. Idan yaron ba ya jin harshenmu, a nemo tafinta. Kada wanda ya kawo shi ya zama bakinsa.

Akwai ɗaya gefen, ba zan ɓoye shi ba. Zargin ƙarya na rusa gida. Akwai yaran da ƙashinsu ke karyewa da ɗan abu kaɗan saboda cutar gado, akwai masu ciwon rashin daskarewar jini, akwai jariran da aka haifa da shuɗin tabo a gadon baya da mazaunai wanda baƙon ido zai ɗauka kwanciyar jini ce. Talauci ma ba sakaci ba ne: uwar da ta makara kawo ɗanta don ba ta da kuɗin mota taimako take buƙata. Maganin wannan shi ne ilimi da iya rubutu. Jaririn da bai fara rarrafe ba da wuya ya samu kwanciyar jini da kansa. Tabo a kunne, wuya ko ciki a jikin ɗan ƙasa da shekara huɗu abin tsayawa a duba ne, haka karayar haƙarƙari ta baya, haka labarin da ke canzawa duk lokacin da aka sake tambaya. A kati kuma a rubuta abin da ido ya gani, girmansa da wurinsa da launinsa, a rubuta maganar yaro da kalmominsa, a rubuta wa ya ce me. “Uban mugu ne” hukunci ne, ba shi da wuri a fayil. “Ƙuna mai bakin layi ɗaya a ƙafa biyu, bayanin mariƙi bai dace da siffarta ba” ita ce za ta tsaya a gaban alƙali, ita ce kuma ba za ta zalunci marar laifi ba.

Abin da nake roƙo a wurinku ba ya cin kuɗi da yawa. Mutum ɗaya mai suna a kowane asibiti, wanda kāre yara aikinsa ne, da mai riƙe masa idan ba ya nan, da lambar da ake ɗagawa ƙarfe biyun dare, a manne a bangon ɗakin ma'aikata. Ku san jami'an walwalar jama'a da sashen 'yan sandan da ke kula da yara tun kafin rana ta ɓaci, ku san fuskokinsu. Idan an kai rahoto, a rubuta wa ya karɓa, a sake kira bayan kwana biyu a ji inda aka kwana. Sannan ku tsaya wa ƙaramar ma'aikaciyar da ta yi magana. Na ga wadda aka canza wa sashe don ta tsaya kai da fata a kan yaron wani mai faɗa-a-ji, aka ce ta bar kaza cikin gashinta. Sauran duk mun ga abin da ya same ta, kuma mun karanta saƙon.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gobe in kun shigo, kafin ku zauna a ofis, ku ratsa ta ɗakin kati ku tambayi wanda ke bakin taga: idan mutum ya zo ya ce shi ne uban yaro kaza, a ba shi fayil, me kake yi? Daga nan ku wuce sashen yara ku tambayi nas ɗin da ta kwana: da a daren jiya kin ga ƙuna mai kama da safa, lambar wa za ki kira? Ku rubuta amsoshin biyu yadda suka faɗe su, ku tafi da su taronku na gaba.

Wassalam.

Taku,
wata ma'aikaciyar jinya a sashen yara.